Kwanan Daji a Hunturu: Matakan Adana Ruwan Ɗumi da Cajin Batir a Fadamar Jakusko

Daga tsakiyar Disamba zuwa farkon Fabrairu, fadamar da ta taso daga Jakusko ta bi ta Gorgoram ta miƙa har Gashuwa da Nguru ba ta rabuwa da masu kwana a waje. Ga manoman rani masu gadin injin ban ruwa da fagagen tattasai da albasa, ga masunta da suka kafa bukkoki a bakin tafki suna banda, ga makiyaya da suka gangaro da shanu neman ruwa. Kusan kowa a cikinsu yana da waya yanzu, da yawa kuma sun mallaki ɗan allon sola da batir. Idan gari ya waye kuwa kukansu ɗaya ne: an kwanta da caji an tashi babu, ruwan buta kuma ya yi sanyin da sai ka yi shahada kafin ka sa hannu.

Ruwa dai ba ya daskarewa a nan. Sai sanyi ya kai digiri 0 ruwa ke zama ƙanƙara, daren hunturu a arewacin Yobe kuwa yakan sauka ne ƙasa da digiri 15, wani daren ma ƙasa da 10 idan jaura ta taso. Da yawa daga tsuntsayen da ke cika tafkin Dagona a wannan lokaci daga Turai suke, sun gudo ne daga inda tafkuna ke daskarewa. Amma sanyin da bai kai ƙanƙara ba ya isa ya rage ƙarfin batir, ya hana mutum barci, ya kwantar da tsoho. 'Yan kasuwa sun gane haka, shi ya sa ƙananan hita da barguna masu amfani da lantarki suka fara shigowa. Suna da amfaninsu. Sai dai ɗumi shi ne abu mafi tsada da za ka nema a wurin batir, kuma duk matakan da ke tafe a kan wannan aka gina su.

Mataki na ɗaya: yi lissafi tun kana gida

Ƙarfin da kayan lantarki ke ja ana auna shi da wat. Idan ka ninka wat ɗin da yawan awannin da abin ya yi yana aiki, ka sami abin da ya cinye, mu kira shi wat-awa. Kwan fitila mai wat 5 da ya yi awa shida yana ci ya cinye wat-awa 30. Cika waya mai babban batir sau ɗaya ba ya kai wat-awa 25.

Sai ka duba abin da ke hannunka. Batir mai bolt 12 da aka rubuta 100Ah a jikinsa yana ɗauke da wat-awa 1,200 a takarda. Idan irin mai ruwa ne, ko rufaffen nan mai nauyi da ake haɗawa da sola, rabi kawai ya kamata ka riƙa ci, wato 600. Duk daren da ka wuce haka kana rage masa kwana ne. Fawa banki mai lamba 20,000 kuwa, duk girman lambar, wat-awa 74 ne, abin da zai fito ya yi maka aiki kuma bai fi 60 ba.

Yanzu ga ruwa. Ɗaga zafin lita ɗaya da digiri ɗaya yana cin wat-awa 1.16. Wannan ba ya canzawa, ko hitar ta China ce ko ta Jamus. Bokitin wanka mai lita goma, daga digiri 15 zuwa 40, zai ci wat-awa 290, kusan rabin abin da babban batirinka zai iya bayarwa a dare guda. Ruwan alwala lita ɗaya tak, idan ka ɗumama shi da lantarki, ya cinye cajin waya guda. Hitar nan da ake tsomawa a bokiti kuwa wat 1,000 take ja ko fiye. A batir mai bolt 12 hakan na nufin amfiya sama da 80, abin da ƙaramar inbata da siraran wayoyin da ake ɗauka zuwa daji ba za su jure ba. Ka bar ta a gida.

Juya lissafin ka ga inda riba take. Lita biyu na ruwan zafi da ya huce daga digiri 60 zuwa 35 a cikin bargonka ya ba ka ɗumi na wat-awa 58. Daidai da fawa banki guda ke nan, kuma da 'yan karare ka same shi. Saboda haka ka ware batir don haske da waya da rediyo, ɗumi kuma ka nemo shi daga rana da wuta.

Mataki na biyu: zaɓi makwanci

Iska mai sanyi ta fi nauyi, da dare takan gangara ta taru a kwari. Wanda ya kafa bukka dab da bakin ruwa don kusa da injinsa, shi ne ya fi kowa shan sanyin asuba. Ka hau ɗan tudu ko da taku talatin ne daga gaɓa.

Iskar hunturu daga arewa maso gabas take zuwa, don haka ƙofa ta kalli kudu ko yamma, a kafa zana biyu a bayan bukka. Kacallar nan da ta toshe hanyoyin ruwa a wannan yanki, wadda manomi da masunci duk suke tsine wa, idan ta bushe tana yin shinge mai kyau, tana kuma yin shimfiɗa. Shimfiɗar ce ma ta fi muhimmanci. Ƙasa ta fi iska zuƙe ɗumin jiki, mai bargo biyu da ke kwance a tabarma ɗaya zai sha sanyi fiye da mai bargo ɗaya da ya tara busasshiyar ciyawa kamu guda a ƙarƙashinsa.

Mataki na uku: bar rana ta yi rabin aikin

Ko a tsakiyar hunturu, rana a nan tana da zafi daga hantsi zuwa la'asar. Nemi jarka baƙa mai lita goma ko ashirin. Idan rawaya ce gare ka, sa ta a cikin baƙar leda. Cika ta da safe, kwantar da ita a kan katako ko tarin ciyawa, ba a kan ƙasa ba, a inda iska ba ta bugawa. Sannan ka lulluɓe ta da farar leda mai haske, ka danne gefuna da ƙasa, ka bar ɗan sarari tsakanin ledar da jarkar. Ledar nan ita ce sirrin abin, don iska ce ke kwashe zafin da rana ta bayar. Ranar da hazo bai yi kauri ba, kafin la'asar ruwan ya yi ɗumin wanka.

Kada ka bari ta kai magariba a waje. Da zarar inuwa ta fara tsawo, ɗauke ta.

Jarkar da ta taɓa ɗaukar fetur ko maganin feshi ba ta shiga wannan aiki, ko an wanke ta sau nawa. Wani abu kuma da ya shafi ruwan fadama: tsargiya ta yi yawa a wannan yanki, ƙwayar cutar kuma ta fata take shiga lokacin wanka ko tsayuwa cikin ruwa. Ruwan tafki da ya kwana biyu a jarka ya kuɓuta daga ita, ana iya wanka da shi. Don haka mai jarka biyu yana juya su ya fi mai ɗaya. Na sha kuwa sai an tafasa, ɗumin rana bai isa ba.

Mataki na huɗu: adana ɗumin har asuba

Nemi babban kwali ko tsohuwar kula ko buhu mai faɗi. Zuba ɓuntun shinkafa ko ƙaiƙayi a ƙasa kamar tsawon yatsa huɗu, zaunar da jarkar a tsakiya, cika gefuna, rufe sama da buhu ninki biyu. Ɓuntu ba ya wuya a ƙasar Gashuwa, masu injin casa ma neman mai kwashewa suke. Sharaɗi ɗaya ne: ya kasance busasshe. Jiƙaƙƙen ɓuntu ba ya riƙe komai.

Ruwan rana zai kai ka isha'i da ɗuminsa, zai kuma wayi gari ba mai sanyin ƙarari ba. Na asuba kuwa filas ne maganinsa. A wutar da aka dafa tuwon dare, kafin garwashi ya mutu, ɗora tukunya. Fara zuba ɗan ruwan zafi a filas ɗin ka girgiza ka zubar, don jikinsa ya ɗauki zafi, sannan ka cika shi har wuya. Filas ɗin da aka bari rabi yana hucewa da wuri. Da asuba, lita ɗaya mai zafin digiri 70 idan aka sirka ta da lita biyu masu sanyin digiri 15, za a sami lita uku masu ɗumin digiri 33. Ya ishi mutum uku ko huɗu alwala.

Ragowar ruwan tukunyar shi ne na cikin bargo. Bari ya ɗan huce, zuba a ƙaramar jarka mai kauri, ɗaure murfin tam, juya ta ƙasa ka ga ko tana yoyo, naɗe ta da tsohuwar riga, sa ta wajen ƙafafu. Robar ruwan sha ta kanti ba ta jure tafasasshen ruwa, nan take take motsewa. Kuma kada jarkar ta taɓa fata kai tsaye, musamman ga yaro da tsoho da mai ciwon suga, wanda ƙafarsa kan ƙone bai ji ba.

Mataki na biyar: batir da allon sola

A nan ne ake yawan ɗora wa sanyi laifin da ba nasa ba. Gaskiya ne ana auna ƙarfin batir mai ruwa a digiri 25, kuma yana raguwa da kamar kashi ɗaya cikin ɗari a kan kowane digiri da aka sauka. A daren digiri 10 ka yi asarar kashi goma zuwa sha biyar ke nan, kuma da rana ta fito abin ya dawo. Wannan bai isa ya kashe fitila da ƙarfe goma na dare ba. Idan hakan na faruwa, batirin bai cika ba ne tun da rana.

Je ka duba allon. Yawanci za ka tarar da shi kwance a kan rufin bukka, ƙura ta yi masa fari fat har kana iya rubuta sunanka da yatsa. A bakin ruwa, inda 'yar raɓa ke sauka, ƙurar kan jiƙe ta bushe ta zama ɓawo, kashin tsuntsu ya ƙara nasa. Allon sola ba ya ƙin sanyi, ya ma fi aiki a cikinsa. Ƙura da hazo ne ke cutar da shi. Kaɗe shi kowace safiya da busasshen tsumma mai laushi, sannan ka bi da jiƙaƙƙe. Kada ka watsa masa ruwan sanyi da tsakar rana gilashin na da zafi. A Disamba da Janairu rana ta kudu take bi, ko da azahar ba ta zuwa tsakar ka, don haka sauko da allon ka jingina shi yana kallon kudu, a ɗage kamar kashi ɗaya cikin uku na tsayuwa. Wannan kaɗai yakan gyara batirin da aka ce ya mutu.

Ƙaramar mita ta auna bolt ba ta da tsada, ta cancanci shiga jaka. Kashe komai, bar batirin ya huta kamar awa guda, sannan ka auna. Idan ka ga 12.6 ko 12.7 ya cika. Idan 12.2 ne ya kai rabi, a tsaya nan. Wanda ake bari yana sauka ƙasa da 12 kowane dare, kuma ba ya cika da rana, shi ne wanda kafin bazara za a ce ba ya riƙe caji, kuma wannan lalacewar ba ta gyaruwa da fitowar rana.

Dubi kawunan batirin. Garin nan fari mai ɗan kore da ke taruwa a kan su yana hana wuta wucewa. Cire wayoyin, jiƙa 'yar kanwa a ruwan ɗumi, goge da tsohon buroshi. Za ka ga yana kumfa, alamar tana kashe asid ɗin ke nan. Kiyaye kada ruwan kanwar ya shiga ramukan batirin. Busar, mayar da wayoyin ka ɗaure da kyau, shafa ɗan basilin. Idan ruwan ciki ya ja baya, tataccen ruwa (distil) na kwalba ake ƙarawa, ba na rijiya ba.

Makwancinsa kuma: ɗora shi a kan katako cikin bukka, naɗe gefunansa da tsohon bargo ko buhu, bar samansa a buɗe. Batir mai ruwa yana fitar da iska mai kamawa da wuta lokacin caji, saboda haka ba a toshe shi ruf, ba a ajiye shi kusa da murhu, ba a kunna ashana a kansa. Kada ka binne shi a ɓuntu kamar jarka, tartsatsi ɗaya ya isa. In kana so, jingina jarkar ruwan rana a gefensa, ɗuminta ya wadatar. Da hantsi kuma cire bargon ka tabbatar yana inuwa. A ƙasarmu zafi ne ke kashe batir, ba sanyi ba: duk ƙarin digiri goma a kan 25 yana raba kwanansa biyu.

Waya da fawa banki su kwana a aljihun ciki ko gefen bargo, ɗumin jiki ya ishe su. Amma ba a cajin su a ƙarƙashin matashi, kuma wanda ya kumbura a rabu da shi. Sau da yawa ma abin da ke shanye cajin waya a daji ba sanyi ba ne, neman sabis ne. Inda sanda ɗaya ke zuwa tana ɓacewa, wayar kwana take tana lalube. Idan ba kiran da kake jira, sa ta a yanayin jirgin sama ko ka kashe ta.

Mataki na shida: idan sai da hita

Akwai wanda jarkar ruwan zafi ba ta kai shi asuba: dattijo mai ciwon gaɓoɓi, ko mai sikila da sanyi ke tayar masa da ciwo. A nan ƙaramar hita ta biya kuɗinta, muddin jiki za ta ɗumama ba ɗaki ba. Bukkar zana ba ta ɗumamuwa da batir, kada ma a gwada.

Iri biyu ne masu ma'ana. Akwai ɗan ƙyalle mai ɗumi da ake soka wa fawa banki, yana jan kamar wat 10, fawa banki mai 20,000 zai riƙe shi awa shida. Akwai bargo mai bolt 12 da aka yi don matafiya a mota, yana jan wat 40 zuwa 50. Idan ya kwana yana ci awa takwas ya cinye wat-awa 320 zuwa 400, fiye da rabin rabonka na dare. Dabarar ita ce a kunna shi rabin awa kafin a kwanta, a kashe, jarkar ruwan zafi ta riƙe farkon dare, sai wajen ƙarfe uku ko huɗu, lokacin da sanyi ya fi tsanani, a sake kunnawa. Awa uku sun wadatar.

Haɗa shi kai tsaye da bolt 12, kada ka bi ta inbata, don ita ma tana cin nata rabon ko ba ta aikin komai. Sa fiyus a wayar da ta fito daga kai mai alamar tarawa, dab da batirin. Bargo mai wat 48 amfiya 4 yake ja, fiyus ɗin mota mai lamba 7.5 ko 10 ya yi. Wanda ya ɗaure fiyus da zaren waya don ya daina yankewa, a bukkar ciyawa, ya san abin da ya saya. Shimfiɗa bargon a miƙe, kada a ninka shi yana ci, a rufa wani bargon a kansa don ɗumin ya zauna. Idan ya jiƙe a bar shi sai ya bushe. Jariri ba a kwantar da shi a kai, jikin uwa da zane sun fi.

Mataki na bakwai: gawayi ya kwana a waje

Wannan gajere ne amma shi ne mai rai a ciki. Garwashin gawayi yana fitar da iska mai guba wadda ba ta da wari ba ta da launi. A bukkar zana mai huji ko'ina takan fice, shi ya sa mutane suka saba suna ganin ba komai. Yanzu da ake lulluɓe bukka da tamfol da leda don tare iska, hujin ya toshe. Ji ɗumin kasko a waje, ɗora ruwanka, shiga ka bar shi a can. Haka janareto da injin ban ruwa, hayaƙinsu guba ɗaya ce.

Idan wani ya tashi da ciwon kai da jiri da tashin zuciya, musamman in mutum biyu ne a bukka ɗaya suka tashi haka, a fitar da su sarari nan take, a buɗe bukkar, a nufi asibiti. Kada a ce zazzaɓi ne a ba shi magani ya koma ciki ya kwanta.

Mataki na takwas: ga mai tafiya arewa

Daga Nguru da Gashuwa mutane na tsallakawa Nijar, wasu har Agadas da Bilma da wuraren haƙar zinariya na Jado. A can, cikin Sahara da tsaunukan Ayar, akwai daren da sanyi ke kaiwa digiri 0 har ya gota, nan ne maganar ƙanƙara ta zama ta gaske.

Ruwa yana kumbura da kamar kashi tara cikin ɗari idan ya daskare, don haka kada a cika jarka ko filas har baki, a bar masa wuri. Babbar jarka ta fi ƙarama jimiri. Ƙanƙara daga sama take farawa, saboda haka a kife gorar sha a kan murfinta, in ya so bakin ba zai toshe ba. Ta safe kuma ta kwana cikin bargo.

Batirin mota ko na sola mai ruwa, idan cike yake da caji, babu sanyin Sahara da zai daskarar da shi. Wanda ya sauka ƙasa warwas ne ke cikin haɗari, don ruwan cikinsa ya kusa komawa ruwa zalla, 'yan digiri kaɗan ƙasa da 0 sun isa su fasa shi. A kwanta da shi a cike. Batirin litiyam, irin na waya da fawa banki da sababbin na sola marasa nauyi, yana iya ba da wuta a cikin sanyin, amma cajinsa ƙasa da digiri 0 yana lalata shi har abada. Masu kwana a ƙasashen ƙanƙara kan manna masa ɗan ƙyallen ɗumi mai wat 10 zuwa 20 wanda ke kunna kansa idan sanyi ya kusa digiri 5, su sa shi cikin akwati mai rufi. In ba ka da wannan, cire wayar allon sola da dare, don hasken farko na safiya yana iya fara caji batirin na nan da sanyinsa. Fito da shi rana ko ka jingina masa jarkar ruwan ɗumi, sai jikinsa ya saki a hannunka sannan ka mayar da wayar.